Kada A Sayo Wa Yara Aku Saboda Sergio

Duk gidan da ke da yara da dish a Katsina, da wuya a rasa wanda ya san Sergio. Jan tsuntsu ne mai doguwar wutsiya, fukafukansa da ratsin rawaya da shuɗi, ɗan gidan su Ronnie Anne a katun ɗin The Casagrandes, wanda tashar Nickelodeon ta fara nunawa a watan Oktoban 2019 ta kammala a 2022. Labarin wasu iyali ne 'yan asalin Meksiko da ke zaune a wani babban birni na Amurka, kakanni da 'ya'ya da jikoki duk a bene ɗaya, ga kantin kayan masarufi a ƙasa da tsohon gidan, Hector, ke riƙe da shi. Wannan cunkoson kaɗai ya isa ya sa yaron Rafindadi ko Ƙofar Marusa ya ga gidansu a ciki. Akwai kare a gidan, Lalo, amma shi ba ya magana. Sergio ne mai baki. Yawo yake a falo, ya leƙa kicin ya wawuri abinci, ya tsokani Bobby, saurayin gidan, ya yi masa ba'a a gaban mutane, ya fice wajen abokinsa Sancho su haɗa wata tsiyar. In an ritsa shi ya yi wani gatse, kowa ya tuntsire, minti goma sha ɗaya ta cika, a shiga wani labarin.

Ni ma yana ba ni dariya, kuma ba na cikin masu cewa a raba yara da katun. Abin da na ƙi shi ne abin da ke biyowa bayan an kashe talabijin. Yaro ya maƙale wa ubansa, "Baba, a sayo mana aku irin na su Bobby," yau ya faɗa gobe ya faɗa, uwar ta sa baki don a huta da naci, uban kuma in Allah Ya hore masa ya sa a nemo. Nemowar ba wuya. Akwai masu yawo da keji a bakin manyan tituna da gidajen mai, akwai masu talla a Facebook da WhatsApp, a turo maka bidiyo, ka tura kuɗi, a ɗoro maka shi a mota. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: kada a sayo. Ba don kuɗin ba, duk da cewa ba kaɗan ba ne. Tsuntsun da yaron ya gani a talabijin babu shi a duniya, wanda kuma za a miƙo masa a keji an yi ɓarna kafin ya iso, za a kuma ci gaba da yin ta bayan ya iso.

Masu zane sun daɗe da gano amfanin tsuntsun gida. Tweety, ɗan kanarin nan rawaya mai ƙaton kai da muzuru Sylvester ke fako kullum, tun 1942 kamfanin Warner Bros ya fito da shi, har yau kuma ana buga hotonsa a jakunkunan makaranta. A The Loud House, wanda daga jikinsa The Casagrandes ya fito, akwai wani kanarin, Walt, mai ɗaurarriyar fuska. Amma Bakatsine ba sai ya je Amurka neman tsuntsu mai baki ba. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a makarantar Midil ta garin nan, a bakin aku ya ɗora Magana Jari Ce tun 1937, ya sa shi yana riƙe ɗan sarki da labari bayan labari, daga baya har aka naɗa shi waziri. Duk wanda ya zauna ajin Hausa ya san wannan akun. Don haka masu cewa Turawa ne suka cusa wa yaranmu son tsuntsu mai magana su sassauta. Son ya riga dish zuwa.

Dalilin da ya sa dabarar ke ci ma ba ɓoyayye ba ne. A gidan Bahaushe akwai maganganu da yawa da kunya ta ɗaure. Ƙane ba ya duban yayansa ya ce masa rago, suruka ba ta ce wa uwar miji ta cika gishiri, uwa ma ba ta kama sunan ɗanta na fari. Da yake ciki ba ya iya riƙe komai har abada, sai al'ada ta buɗe 'yan ƙofofi: wasan jika da kaka, wasan taubasai, wasan Katsinawa da Nufawa, na Fulani da Barebari. A nan ake faɗin abin da ba a faɗa, kuma ba mai fushi. Mai tsara labarin barkwanci irin wannan bakin yake nema, bakin da yake cikin gida, ya ga komai, ya ji komai, amma ba a tuhumarsa da rashin kunya. Kare ba zai yi ba, tun da kowa ya san ba ya magana. Aku ne dabbar da in ka sa mata kalma a baki ba ka yi nisa da gaskiya ƙwarai ba. A nan ne yaro ke ruɗewa. Ya san kyanwa ba ta tuƙa mota, ya san ɓera ba ya harba bindiga, amma aku ai ya ji ana cewa yana magana.

Sergio mutum ne aka sa wa gashin tsuntsu. Wani ɗan wasa mai suna Carlos Alazraqui ne ke tsayawa gaban makirufo yana karanta abin da marubuta suka zauna suka tsara. Abin da yaron ke kwaɗayi shi ne wannan: aboki mai fukafuki da zai taya shi yi wa yayansa tsiya, ya rufa masa asiri in ya fasa kofi. Ba kasuwar da ake sayar da wannan.

Ga abin da ake sayarwa. Na ziyarci wani abokina cikin hunturu, muka zauna a baranda, sai na ji ƙarar ƙofar ƙarfe ana buɗewa. Na waiga, ƙofa a rufe. Ashe aku ne, a wani kejin waya da aka rataye ta wajen da ake ajiye janareto. Kejin bai kai ya buɗe fukafukansa biyu a ciki ba. An ɗaura masa gwangwanin madara da ruwan da ya fara kore, ƙasan kejin ɓawon gyaɗa ne da kashi. Ƙirjinsa fes, ba gashi ko ɗaya, fata ce kawai mai toka-toka da ɗan ja inda ya cije ta, jar wutsiyar ta rage gashi biyu ko uku. Da na matsa sai ya maƙale a kusurwa ya kama wani gurnani mai ƙarfi daga maƙogwaro. Na ce, "Alhaji, me ya sami ƙirjinsa?" Ya ce, "Wallahi Malam shi ke figar kansa, mun rasa mi ke damunsa. Da aka kawo shi yaran ko abinci ba su son tashi ci. Da ya ƙi cewa komi, kuma ya ciji autarmu a yatsa, shi ke nan. Yanzu in ba mai gadi ba, ba mai tuna shi." Abokin nan nawa ba mugu ba ne, mutum ne mai tausayi. An ce masa tsuntsun ya iya sallama, ya ga idon 'ya'yansa, ya biya. Ƙarar ƙofa da hon ɗin Keke Napep su ne abin da akun ya koya, domin su ne abin da yake ji.

Irin Sergio a zahiri makaw ake ce masa, babban aku ne na dazukan Meksiko zuwa yankin Amazon, tsawonsa ya haura santimita 80 in an haɗa da wutsiya. Kamu ya yi wa irinsa illa har Meksiko ta haramta kamawa da sayar da duk wani aku na ƙasarta a 2008. Shi wannan da wuya ya zo Katsina. Wanda ke zuwa shi ne namu na Afirka, mai launin toka da jar wutsiya, nauyinsa wajen giram 400. Ba ɗan Arewa ba ne. Gidansa kurmi ne mai duhu da danshi, daga Kwaddibuwa da Gana, ta kudancin Nijeriya kamar Kuros Riba da Neja Delta, zuwa Kamaru da Gabon da Kwango. A can garke-garke suke tashi, su kwana tare a kan dogayen itatuwa, su yi tafiyar kilomitoci neman 'ya'yan itace, musamman kwakwar manja. Namiji da mace in sun haɗu sun haɗu ke nan. Ba sa fara haihuwa sai sun shekara uku zuwa biyar, sau ɗaya a shekara, ƙwan bai wuce biyar ba, kwanci wata guda, 'ya'yan su yi kusan wata uku kafin su bar sheƙa. Sheƙar kuma ba a ko'ina ake yin ta ba, sai a kogon tsohon itace mai tsayi, irin wanda masu yankan katako ke fara nema. Dabbar da ke haihuwa a hankali haka ba ta jure ɗiba.

Yadda ake ɗibar ya kamata duk mai shirin saye ya sani. Ana shafa danƙo a sanduna a kafa su a saman itacen da garken ke sauka, a ɗaure wani akun a wajen, kukansa ya jawo 'yan'uwansa, su sauka su manne. Ana kafa raga a filayen cikin kurmi inda suke saukowa shan ruwa da cin ƙasa mai gishiri. Ana hawa itace a kwashe 'ya'yan daga kogo, wani lokaci a sare itacen gaba ɗaya. Daga nan a datse gashin fiffike, a cusa su a akwati, a kama hanya. Daga Kalaba zuwa Katsina ya haura kilomita 1,000 a mota, cikin zafi da ƙishirwa da tsoro. Masu bincike sun ƙiyasta cewa daga kashi ɗaya cikin uku har zuwa kusan biyu cikin uku na waɗanda aka kama suna mutuwa kafin su kai ga mai saye. Wato wanda ya iso barandarka da rai, akwai yiwuwar ɗaya ko biyu sun mutu a hanya don shi ya iso.

Alƙaluman ba na wasa ba ne. Tsakanin 1975 da 2013 an fitar da aku sama da miliyan 1.3 daga Afirka ta hanyar da doka ta yarda, ban da na sumoga. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin 100 na akunta tun daga 1992. Amurka ta toshe shigo da irin waɗannan tsuntsayen daji da dokar 1992, Tarayyar Turai ta rufe ƙofarta a 2005 saboda murar tsuntsaye, ta mayar da rufewar ta dindindin a 2007, sai kasuwar ta karkata zuwa ƙasashen Larabawa da Asiya. A watan Oktoban 2016, a taron CITES, yarjejeniyar da ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, da aka yi a Johannesburg, ƙasashe 95 suka kaɗa ƙuri'ar a mayar da aku jerin farko, 35 suka ƙi, wato aka haramta cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe. Nijeriya na cikin ƙasashen da suka gabatar da buƙatar. A shekarar ce kuma IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, ta sa shi cikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. A gida muna da dokar kare dabbobin da ke neman ƙarewa tun 1985, aka yi mata gyara a 2016 aka ƙara tara, ga hukumar NESREA da aka kafa a 2007 don tabbatar da ana bin irin waɗannan dokoki. Duk da haka mai keji na tsaye a bakin titi da rana tsaka, ba mai ce masa kanzil. Ba aku kaɗai ba ma. A watan Yulin 2025 jami'an kwastan a filin jirgin saman Legas sun kama tsirya da kanari sama da 1,600 da ake shirin kaiwa Kuwait.

To a ce mutum bai damu da kurmi ba, gidansa kawai ya sani. Ko a nan lissafin bai fita. Kalaba na samun ruwan sama kusan milimita 3,000 a shekara, Katsina wajen 600. Tsuntsun da aka halitta cikin danshi za ka ajiye a inda hunturu ke tsattsage leɓen mutum, bazara kuma zafi ya haura digiri 40. Abincin da kowa ke ba shi gyaɗa ce, ita kuma mai ya yi mata yawa, ba ta ba shi sinadarin ƙarfin ƙashi da yake buƙata, irinsa kuwa an san su da ciwon ƙarancin wannan sinadari, har ya kai su ga farfaɗiya. Gyaɗar da ta yi funfuna tana ruɓar masa da huhu da hanta. Huhun tsuntsu ba ya ɗaukar hayaƙi, mu kuwa gidajenmu turaren wuta ne da yamma, maganin sauro da dare, janareto kullum. Bakin da ke fasa ƙwallon kwakwa ba zai ji wuyar yatsan yaro ba. Kukansa da asuba sai maƙwabta sun yi ƙorafi. Magana kuma ba kowane ke yi ba, wanda aka kamo da girmansa ma sau da yawa ba ya sakin jiki da mutum har ya mutu.

Kuma shekaru. Aku in ya sami kulawa yana kaiwa shekara 40 zuwa 60. Sha'awar yaro ga sabon abu kowa ya san iyakarta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne hankalin tsuntsun. Wata masaniya Ba'amurkiya, Irene Pepperberg, ta sayi wani aku irin namu a wani kanti a Chicago a 1977, ta sa masa suna Alex, ta yi shekara 30 tana aiki da shi har ya mutu a 2007. Ya san kalmomi sama da 100, yana bambance launi da siffa, yana ƙidaya abubuwa har shida, a nuna masa abu biyu ya faɗi inda suka yi kama da inda suka bambanta. Masu talla da irin wannan labarin suke jan mai saye: ka ga, yana da wayo. Ni kuwa a nan na ga babbar hujjar a bar shi. Halittar da ke da wannan kwanya, wadda ta saba da garke da abokin zama ɗaya na rayuwa, ita ce za a rataye ita kaɗai tana kallon bango shekara da shekaru. Figar gashin da abokina ya rasa dalilinta sananniyar cuta ce ga likitocin dabbobi, kuma kaɗaici da rashin abin yi na cikin manyan sabubbanta. Kwaikwayon murya ma da muke wa dariya, a kurmi hanyar zumunci ce, da ita suke gane juna. In ya kwaikwayi ƙofarka, garke yake nema.

Na san abin da za a ce. Na farko, addini bai hana ba. Gaskiya ne. Hadisin ƙanen Anas ɗan Malik yana cikin Bukhari da Muslim, yaron da ke da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana tsokanarsa da tambayar me ɗan tsuntsun ya yi. Daga nan malamai suka fitar da halaccin yaro ya riƙe tsuntsu, da sharaɗin ci da sha da rashin azabtarwa. Amma wanda ya karanta wannan ya karanta na Abu Dawud ma, inda sahabbai suka ɗauke 'ya'yan wata tsuntsuwa a tafiya, ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi ya tambayi wa ya tayar mata da hankali, ya ce a mayar mata da 'ya'yanta. Ya tuna matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ya duba aya ta 38 a Suratul An'am, inda aka ce tsuntsayen da ke tashi da fukafukansu al'ummai ne irinmu. Halaccin riƙe tsuntsu bai zama halaccin danƙo da akwati da gawarwaki a hanya ba, bai kuma zama izinin taka dokar ƙasa ba. Ina ganin wannan magana ce da ta cancanci minti biyar a huɗubar Juma'a, ko a darasin Islamiyya inda yaran suke.

Na biyu, mai sayarwa zai ce, "Alhaji, wanga a gida aka ƙyanƙyashe shi." Akwai masu kiwon aku da rajista, mafi yawansu a Afirka ta Kudu, kuma nasu yana zuwa da takardu da zoben ƙarfe marar tsaga a ƙafa, wanda ba ya shiga sai tsuntsun yana jariri. Ka nemi waɗannan a hannun mai keji ka ga. Ka kuma dubi idon: na ƙarami baƙi-baƙi ne, na babba ya koma rawaya mai haske. In an ce maka ɗan wata huɗu ne ka ga ido rawaya, kuma yana gurnani in ka matso, ka san daga inda ya fito. Batun cewa shi ma mai sayarwar abinci yake nema, ban raina shi ba. Sai dai mai hawa itace a kurmi abin da yake samu bai taka kara ya karya ba, ribar tana hannun dillalai, shi kuma na bakin titi da kejin nan zai iya sayar da tantabara da zabi ba wanda ya tare shi.

Na uku shi ne mai nauyi: ana sace mutane a Batsari da Jibiya da Faskari, buhun masara ya gagari talaka, kai kana maganar tsuntsu? Ba ni da bakin musun wannan. Amma yawancin matsalolinmu sai an jira gwamnati, sai kasafin kuɗi, sai jami'an tsaro. Wannan ba ta buƙatar ko ɗaya. Mai gida ne zai ce a'a, kuɗinsa ma su zauna a aljihu. Kuma talakan da masara ta gagara ba shi ke sayen aku ba.

In yaro ya nace yana son tsuntsu, buƙatarsa mai kyau ce, kada a kashe ta. Garin nan ya san kiwon tantabara tun kafin a san wutar lantarki. A bayan gidanmu akwai wani yaro da bai wuce aji ɗaya na sakandare ba, ya haɗa ɗakin tantabara da katakon kwalin kaya da guntun kwano a kan katanga. Da safe kafin ya tafi makaranta zai watsa dawa, ya canza ruwa a kasko, ya leƙa kowane gurbi. Ya san wadda ta yi ƙwai, ya san kwana 18 ne a ƙyanƙyashe, ya san namijin da ke kwanci da rana macen ta karɓa da dare. In ya yi fito sai su zubo daga sama su sauka a kafaɗarsa. Ranar da shaho ya ɗauke masa ɗaya ya yi kuka, washegari ya ƙara rufi. In 'yan shila sun yi ƙwari ya kai biyu kasuwa ya sayi takalmi. Tantabara ta yi dubban shekaru tare da mutum, tana cin abin da muke nomawa, ta saba da zafinmu, a buɗe mata ƙofa ta yi yawonta ta dawo da kanta. Abin da yaro ya gani ya so a wajen Sergio, tsuntsu mai shiga da fita yadda ya ga dama kuma ya san mutanen gidansa, tantabara ce ta fi kusa da ba shi. Sancho ma, aminin Sergio a katun ɗin, ai tantabara ne.

Saura waɗanda sun riga sun saya. Kada tausayi ya sa a buɗe keji a sake shi. Ba zai kai kurmi ba, ba abin da zai ci a sararin Katsina, in yunwa ba ta kashe shi ba shaho ko muzuru zai yi. Abin yi shi ne a sauke kejin daga wajen janareto, a sa maƙeri ya yi babba wanda zai buɗe fukafukai ya yi tsalle daga reshe zuwa reshe, a ajiye shi inda mutanen gida ke zama suna hira. Ya sha hantsi, ya sami inuwa da rana, a riƙa fesa masa ruwa mai tsabta lokacin hunturu. A rage gyaɗa, a ba shi karas da alayyafo da gwanda da mangwaro da dafaffen wake, da ɗan dafaffen ƙwai, da kwakwar manja in an samu. Kada a ba shi piya, ko cakulan, ko shayi, ko goro, duk guba ne gare shi. A ba shi ɗanyen reshe ya ɓantara, don bakin yana son aiki. Mai share kejin ya wanke hannu, domin akwai zazzaɓin da ake ɗauka daga busasshen kashinsa. In ya kumbura gashi ya daina ci, a kai shi asibitin dabbobi ranar, tsuntsu ba ya nuna ciwo sai ya yi nisa. In ya mutu kada a maye gurbinsa. In kuma ya rayu, to yaron da aka sayo masa shi yana firamare zai iya aurar da 'yarsa akun na nan, don haka mai gida ya zaunar da 'ya'yansa tun yanzu a san wanda zai ɗauke shi.